Teburin Deacon a Shagon Miss Vernell

Shekara arba'in Miss Vernell Hairston tana soya kifi a unguwar Harlem, kuma ba mahalukin da zai ce maka ya taɓa jin ƙauri a shagonta. Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin mai aski da wani coci: kanta ɗaya, kasko biyu, tebura huɗu. A tsoma kifi cikin garin masara da barkono, a soya, a ɗora kan yankan burodi, a tsiyaya ruwan yaji, a naɗe maka a takarda ka kama gabanka. Ran Juma'a layi har bakin titi yake kaiwa.

Tana da shekara tara uwarsu ta ɗauko su a bas daga Carolina ta Kudu, ita da ƙanwarta Bernadine, da akwati ɗaya da kaskon ƙarfe naɗe cikin bargo. Hannun suya a wajen uwar ta gaje shi, haka ma bakin. Miss Vernell ba ta raga wa kowa. In ka shigo wando na zamewa daga ƙugu, sai ka ja shi sama kafin ta kalle ka. Muryarta kuwa ko daga bayan bango ka ji ka san mai ita: kakkaura, tana jan kalma irin na mutanen kudu. Kuma duk zancen da ta ɗauko, na daɗi ko na baƙin ciki, da abu ɗaya take rufe shi: "Ubangiji ka dube mu." Yaran layin da kalmar nan suke kwaikwayon ta, iyayensu ma haka suka yi suna yara.

Tun rasuwar mijinta Roosevelt, sai wani tsohon direban bas mai suna Mister Cleophus ya mai da kujerar da ke kusa da kantar shagon tasa. Kullum ƙarfe sha ɗaya zai shigo, ya cire hula, ya ɗora a gwiwa.

"Vernell, yau ma ba za ki aure ni ba?"

"Cleo, haƙora nawa suka rage maka?"

"Sun isa cin kifinki."

"To ci ka tashi, kujerar nan ba gadon ubanka ba ce. Ubangiji ka dube mu."

Akwai abin da Cleo bai sani ba, wanda Roosevelt ma har ya koma ga Mahaliccinsa bai sani ba. Miss Vernell ce ta kira 'yan sanda aka kama Deacon.

Sunansa na yanka Lamont Askew. Ana ce masa Deacon ne saboda kwat da yake sawa irin ta dattawan coci, da yadda yake ɗaga wa tsofaffin mata hula. A shekarun tamanin shi ke da layuka shida na unguwar. Hodar ibilis yake dafawa ta koma tsakuwa, yaransa na sayarwa a kowace kwana. Ranar bikin godiya na shekara-shekara kuma ya tsaya a bayan babbar mota yana raba talotalo gida-gida, mutane na sa masa albarka. Kowace Juma'a a shagon Miss Vernell yake cin rana, a teburin lungu, bayansa na jingine da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. "Miss Vernell, a ƙara yaji," iyakarta ke nan.

Bernadine kuwa mawaƙiyar coci ce. Cikin shekara ɗaya da rabi tsakuwar Deacon ta cinye ta, ta rame ta lalace, har aka tsince ta a matakalar wani bene ba rai. Ranar jana'iza, furen da ya fi kowanne girma na Deacon ne, sai da mutum biyu suka ɗauko shi. Furen nan shi ya ƙarasa Miss Vernell. Ta yi wata uku tana haɗiye abin, ba ta gaya wa kowa ba. Wata Talata da safe a watan Maris na 1989, kafin ta buɗe ƙofa, kifin farko na cikin mai, ta jefa kwabo a tarhon da ke jikin bangon shagon. Ta faɗi gidan da ake dafa kayan, da hawa na nawa, da ranar da Deacon ke zuwa da kansa. Ba ta faɗi sunanta ba. Aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

A unguwar nan, mai kai wa 'yan sanda zance ɓera ake ce masa, kuma ba a yafe masa ko bayan shekara nawa. Yaran Deacon suka bazama nema. Mutum biyu aka kashe bisa zato kawai, wani mai wankin mota da wani ɗan dakon kaya a kantin kwana. Miss Vernell ta san sunayensu, ta je jana'izar duka biyun, kuma har yau tana ambaton su in ta durƙusa addu'a. Tsoro ya zauna mata a ciki shekara da shekaru. A hankali yaran Deacon suka ƙare, wasu kurkuku, wasu kabari. Aka cire tarhon daga bango, ta rataya kalanda a wurin. Ta ɗauka an gama.

Ashe mawaƙan gambara ba sa barin tsohon ɗan ƙwaya ya ɓace. Ɗabi'arsu ce, kuma ni dai ban taɓa gane daɗinta ba. Yaro bai taɓa sayar da ko aspirin ba, sai ya tono sunan wani da ya rusa unguwa tun kafin a haife shi, ya liƙa wa kansa, ya riƙa lissafa motocinsa da zobbansa a baiti. Ba wanda ke lissafa waɗanda aka tsinta a matakala. Wanda ya tono Deacon kuwa ba baƙo ba ne. Tyrell Mabry ne, jikan Sista Mabry ta cocinsu, wanda Miss Vernell ta sha share wa majina. Yanzu shekararsa ashirin da huɗu, wai sunansa Baby Deacon.

Wata ranar Litinin ya shigo da mutum biyar da kyamarori, sarƙa a wuya kamar ta ɗaure kare.

"Miss Vernell! Uwar unguwa!"

"Tyrell, ja wandonka. Kakarka ta san kana yawo haka?"

Ya ja, yana dariya, mutanensa ma na dariya. Ya nuna teburin lungu. "Nan ne, ko? Nan yake zama? Kai! Ku duba, nan babban mutum yake zama." Ya ciro hoto a cikin gilashi, Deacon cikin farar kwat, jingine da mota. "Alfarma nake nema, Ma. Mu ɗauki hoton waƙa a nan, awa biyu kawai. Kuma mu rataya wannan a saman teburin. Tarihi ne, Miss Vernell. Tarihinmu ne."

Ta dubi hoton. Abin da ya zo mata shi ne ta ce ya fita da ƙazantar nan. Amma mutum shida na kallon ta, kuma duk unguwa ta san Deacon ya ci abincinta shekara biyar. In ta ƙi, wani zai tambayi dalili, kuma tambayar nan ce ta yi shekara talatin da wani abu tana gudu.

"Kada ku taɓa min kasko," ta ce. "Kuma ƙusa ɗaya tak a bangona. Ubangiji ka dube mu."

Waƙar ta fito, ta kama gari. Irin waƙoƙin nan, in ana son a nuna ba ƙarya ake ba, sai a buɗe su da muryar shi tsohon da kansa, an ɗauko ta wayar kurkuku. Miss Vernell na juya kifi wata mota ta tsaya a danja, gilashi a sauke, sai ga muryar da rabon ta da ji tun tana da ƙuruciya. Ta dushe, ta tsufa, amma ita ce. "Deacon ne ke magana. Ku gaida min Harlem. Ku ce wa Miss Vernell ta ajiye min teburina." Sai ganga ta faɗo, Tyrell ya shiga kirari: farar kwat, layuka shida, talotalo dubu, kifin Juma'a. A baiti na ƙarshe ya ce ɓeran da ya sayar da Deacon yana nan yana shan iska, amma ba a rufe littafinsa ba.

Ciniki ya ninka. Samari daga Brooklyn, daga New Jersey, har da Turawa masu jakar goyo, suna layi don su zauna a teburin lungu a ɗauke su hoto. Cleo ya ce ai ta zama tauraruwa, yanzu kam ta fi ƙarfinsa. Ta yi masa murmushin da bai kai ciki ba. Tana jin samarin daga bayan kanta, kawunansu a haɗe kan waya, suna musu. Wani sabon wasa suka samu: tono tsofaffin takardun kotu a baza a intanet, a gano wanda ya yi ɓera. Wannan ya ce lauyan ne, wancan ya ce budurwar ce. Wani mai zanen hawaye a kumatu ya ce, yana tsotsar ƙaya, duk ranar da aka gano shi, ko a keken guragu yake sai an taɓa lafiyarsa. Sannan ya ɗago ya ce, "Ma, a ƙaro burodi don Allah." Ta ƙaro masa.

Wata takwas ana haka. Sai labari ya zo an saki Deacon saboda ciwo, wai likitocin kurkuku sun ce ba zai ga wata bazara ba.

Ranar Laraba da la'asar ya zo, lokacin da shago ba kowa, Cleo ma ya tafi. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, ta ɗago. Wani ƙanƙanin tsoho ne da sanda, robar iska a hancinsa, kwat ta yi masa yawa. Ya ɗaga mata hula. Ya ja ƙafa har teburin lungu, ya zauna ƙarƙashin hotonsa, bayansa jikin bango.

"Miss Vernell."

"Lamont."

"A ƙara yaji."

Ta soya, ta kawo, ta ajiye. Ta koma gefe ta tsaya. Ya gutsiri kaɗan, ya daɗe yana taunawa, ya ajiye.

"Zauna mana. Ƙafafunki ba na yarinya ba ne."

Ta ja kujera ta zauna a gefe.

"Kafin shari'a," ya ce, "lauyana ya samo kaset ɗin kiran da aka yi. Ya sa mini, wai ko zan gane muryar. Na ce masa ban gane ba." Ya ja numfashi ta robar. "Ana jin mai na tafasa a bayanki, Miss Vernell. Kuma kin san da me kika rufe."

Ta ɗago ta dube shi. Ta dafa teburin. "Tun lokacin ka sani?"

"Tun lokacin."

"Ka sani, ka bari aka kashe Purvis mai wankin mota? Da yaron nan Delroy?"

"Kin sani ke ma, kika je jana'izarsu." Ya faɗe shi ba da zafi ba. "Shekara goma na farko, kullum ina tsara yadda za a yi da ke. Kalma ɗaya zan faɗa a waya, shi ke nan. Sai in tuna Bernadine tana waƙa a coci ranar bikin Ista, in ce bari sai gobe. Har goben ta gaji da ni."

"To me ya kawo ka?"

"Kwalayen shari'ata suna gidan ƙanwata. Yaron nan Tyrell ya je da mutanen kamfaninsa, suka ce fim za su yi a kaina. Ta ji daɗi, ta kwashe duka ta ba su, ina gadon asibiti ban sani ba. Kaset ɗin na ciki." Ya dubi ƙofa. "Jibi Juma'a, sha biyun rana, sabuwar waƙa za ta fito. Da shi suka buɗe ta."

"Ka hana su. Kai ne Deacon, kai suke wa waƙar."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya nuna hoton da ke saman kansa da sanda. "Wancan suke wa waƙa. Ni da na shigo layin nan, wasu yara uku na zaune a kan mota suna jin muryata, ko matsa mini ba su yi ba in wuce. Na kira kamfanin, wata yarinya ta ce in bar saƙo." Ya miƙe da ƙyar, ya sa hula. "Na zo in gaya miki ne da bakina. Kina da 'yar Bernadine a Carolina. Ki je ki gan ta."

Washegari Tyrell ya shigo shi kaɗai, ba sarƙa, wando a ƙugu. Bai nemi abinci ba. Ya tsaya gaban kanta yana murza makullin mota, idonsa a ƙasa.

"Miss Vernell, ki rufe gobe. Ki huta kwana biyu."

"Ɗago ka kalle ni, ɗan nan."

Bai iya ba. "Ban saurara ba sai da aka gama haɗawa, wallahi. Da na ji, na ce su yanke ƙarshen. Suka ce ai nan ne daɗin. An riga an tura ko'ina, Ma, ba a hannuna yake ba yanzu."

"Ka san Bernadine?"

"Wace ce?"

Ta dube shi, yaron da ya haddace lambar kowace motar Deacon. Haushi ya taso mata, sai kuma tausayi ya danne shi, ita ma ba ta san na wa ba. "Je ka gaida kakarka," ta ce.

Da ta koma gida ta fito da akwati, ta buɗe shi a kan gado, ta tsaya tana kallo. Shekararta sittin da shida. Ranar da aka binne Roosevelt ma Juma'a ce, kuma daga maƙabarta shago ta wuce. In ta rufe gobe, ta amsa laifin tun kafin a tambaye ta, kuma ita har ga Allah ba ta ga laifin da ta yi wa Lamont Askew ba. Tsoro dai tana jin sa, har cikin haƙoranta. Ta mai da akwatin ƙarƙashin gado.

Ran Juma'a ta buɗe ƙarfe goma kamar kullum. Kafin kowa ya zo ta hau kujera ta sauke hoton, ta kifa shi bayan firji. Sha ɗaya Cleo ya shigo, ya cire hula.

"Vernell, yau ma..." Ya ga ƙusa tsirara a bango, ya ga fuskarta. "Lafiya?"

"Zauna ka ci, Cleo."

Sha biyu saura, layi ya kai titi. Rabi tsofaffin unguwa ne da 'yan coci, rabi samarin waƙa, kowa da waya a hannu, suna ƙirga mintoci. Mai zanen hawaye na nan, na uku a layi. Miss Vernell ta zuba sabon kifi a kasko. Wani ya ce, "Ta fito! Ta fito!" Ya ƙure ƙarar wayarsa, wasu biyu ma suka kunna.

Farko shuuu ɗin tsohon kaset. Sai ƙarar mai na tafasa, iri ɗaya da wadda ke tashi a bayan kanta. Sai muryar mace, matashiya, kakkaura, tana jan kalma.

"Ina so in ba da wani bayani. A'a, ba zan faɗi sunana ba. Gida mai jan bulo, hawa na uku, ƙofar hagu. Ran Alhamis yake zuwa da kansa. Ya kashe mini ƙanwa, ya aiko da fure." Aka ji ta ja numfashi. "Ku je ku ɗauke shi. Ubangiji ka dube mu."

Ganga ta faɗo. Ba wanda ya gyaɗa kai. Wata tsohuwa 'yar coci ta kai hannu baki. Ɗaya bayan ɗaya kawuna suka ɗago daga waya suka juyo kanta. A cikin waƙar Tyrell na ta zuba baiti a kan ɓera, ba mai sauraron sa.

Miss Vernell ta goge hannu a jikin ƙyallen aikin da ta ɗaura a gaba.

"Ni ce," ta ce. "Wa ke biye?"

Ba wanda ya matso. Mai zanen hawaye ya ɗaga wayarsa, ya saita ta a fuskarta, ya ɗauka, ba gaggawa. Ya juya wajen ƙofa, ya ɗauki lambar shagon, ya fita yana danne-danne. Samarin suka bi shi. Sai tsofaffin ma suka fara zamewa, waɗanda suka san Purvis da Delroy, da waɗanda kawai suka san abin da ke biyo bayan irin wannan. Wata ta taɓa kantar da yatsu za ta yi magana, ta fasa. Ƙararrawar ƙofa ta yi ta ƙara har ta yi shiru.

Saura Cleo. Ya daɗe yana kallon hular da ke gwiwarsa.

"Shekara ashirin ina zaune a nan, Vernell."

"Na sani. Tashi ka tafi gida."

Ya tashi. Ya kama kujerarsa, ya ja ta kiii a kan siminti har bakin ƙofa, ya juya ta tana kallon titi, ya zauna ya tare hanya. Ya ɗora hular a gwiwa, ya dafe ta da hannu biyu. A tsallaken titi samarin ba su watse ba, sun taru jikin wata baƙar mota, sai ƙaruwa suke, kuma daga kowace waya muryar Miss Vernell ke sake farawa.

Ta tsaya a bayan kanta tana kallon ƙeyar tsohon, tana jin kanta tana faɗin hawa na uku, ƙofar hagu. Hayaƙi ya fara taruwa a rufin shagon.

"Vernell," in ji Cleo, bai juyo ba. "Kifinki na ƙonewa."